Ɗan Ƙwaro Mai Gadin Itatuwan Kurmi

A dazuzzukan Ingila da sauran ƙasashen Turai akwai wani ɗan ƙwaro wanda masana ke kira Dromius quadrimaculatus. Tsawonsa wajen rubu'in inci ne, baƙi-baƙi, da ɗigo huɗu masu haske a gadon bayansa. Yawancin danginsa a ƙasa suke yawo, ƙarƙashin duwatsu da busasshen ganye, amma shi bisa itace ya yi gida. Jikinsa ba kauri, saboda haka yakan kutsa ƙarƙashin ɓawo ya yini, sai dare ya yi ya fito farauta. Ba ya cin ganye, ba ya huda itace. Abincinsa ƙananan ƙwari ne da ke zaune a jikin itacen.

Wanda ya raina aikin irin waɗannan ƙwari sai ya dubi abin da ya faru a Amurka. A 1869 wani mutum ya kai wata tsutsa daga Turai zuwa Masacusets don neman siliki, ta kuɓuce masa, ta yaɗu, ta riƙa cinye ganyen itatuwa ƙurmus. Da abin ya gagara, daga 1905 sai aka shiga ɗauko wani babban ɗan'uwan wannan ƙwaro, Calosoma sycophanta, daga Turai ana saki cikin daji, gama shi gwanin hawan itace ne, tsutsa kuwa ita ce tuwonsa. Bai ƙare ta ba, amma ya rage ta, kuma har yau yana can yana aiki ba lada.

To, dangin nan sun fi iri 40,000 a duniya, ƙasarmu ma tana da nata. Abin takaici shi ne manomi da yawa in ya ga ƙwaro a jikin mangwaronsa ko lemonsa, ba tambaya sai feshi. Magani kuwa bai san aboki ba. Yakan kashe mai farauta tare da maɓarnaci, sa'an nan maɓarnacin, da yake ya fi saurin haihuwa, shi ke riga dawowa, ya tarar ba mai hana shi. Kuɗin magani ya tafi, ɓarna ta ƙaru. Haka wutar daji take yi wa masu kwana cikin ɓawo.

Ya kamata mai lambu ya duba tukuna, ko ganye na da huda, ko 'ya'ya na zuba. In ba ɓarna, a bar ƙwaro. In akwai, a kama guda biyu ko uku a sa cikin kwalba a kai wa malamin gona kafin a sayi magani.