Uwargida, Idan Mota Ta Ɗau Zafi

Wannan watan zancen mota za mu yi, don da yawanmu mu ke kai yara makaranta a tsohuwar motar maigida. Tamu Peugeot 504 ce, ta girmi 'yata ta fari nesa ba kusa ba, kuma kwanan baya ta ɗau zafi muna hanyar Islamiyya.

Idan kika ga allurar zafi ta kai ja, ki gangara gefe ki kashe inji. Don Allah kada ki taɓa murfin lagireto! Ruwan ciki kan wuce digiri 100, matsi ne ya danne shi, kina buɗewa zai feso miki a fuska. Ki janye yara, ki jira kamar minti 30.

In ya huce sai bincike. Ruwa ya ragu? Leƙa ƙarƙashi, wataƙila tiyo ne ya tsage. In ruwa na nan, duba fambel, shi ke juya fanka da famfon ruwa. Namu saki ya yi ranar.

Wanda ya fi ban tsoro, ki zaro sandar baƙin mai ki ga man ya koma kamar shayi da madara. Galibi gasket ne ya ƙone. Kada ki sake tayar da ita, ki kira maigida ya zo da bakanike.