BA KOWANE ƘULLI AKE YANKEWA BA

Akwai wata cuta da likitocin duniya ke muhawara a kanta, watau ƙullin jijiyoyin jini cikin ƙwaƙwalwa. Bisa ga al'ada, jini yakan taso daga zuciya ta manyan jijiyoyi, ya ratsa ƙanana waɗanda suka fi gashi siranta, ya ciyar da nama, sa'an nan ya koma. A wurin ƙullin nan kuwa babu ƙananan, sai jini ya yanke hanya da ƙarfi, kamar ruwan da ya fasa kunya ya bar shuka da ƙishi. Jijiyar da ke karɓarsa tana iya fashewa, mutum ya shanye ko ya rasu. Wani kuwa farfaɗiya ko ciwon kai ke fara tona masa ita.

Dā ba mai ganin wannan a jikin mai rai sai an buɗe kai. A 1927 Likita Egas Moniz na Lisbon, ƙasar Fotugal, ya zuba wani ruwa cikin jijiyar wuya, jijiyoyin ƙwaƙwalwa suka fito a hoto. Yau da wannan dabara da na'urar MRI ana ganin ta inda jini ke shiga ƙullin, da saurinsa, da ta inda yake fita. A 1986 Spetzler da Martin na Amurka suka kasa haɗarin fiɗa daraja 5, bisa girman ƙullin, da muhimmancin wurin da yake, da zurfin mafitar jininsa.

To, ga inda gardama take. A 2014 aka buga binciken ARUBA kan mutum 223 waɗanda ƙullinsu bai fashe ba. Cikin kamar shekara 3, waɗanda aka bari da magani kurum sun fi waɗanda aka taɓa tsira daga shanyewa da mutuwa. Masu fiɗa da dama suka ce lokacin ya yi kaɗan, domin saurayi yana da shekaru masu yawa a gabansa, haɗarin kuwa taruwa yake yi.

Mu a ganinmu kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma doka guda ba ta isa kowane kai ba. Lalle a dubi tafiyar jinin kowane majinyaci kafin a ɗauki wuƙa, a kuma gaya masa haɗarin yi da na bari. Wanda farfaɗiya ta fara kama shi da girmansa kuwa, kada a tsaya cewa iska ce, a kai shi asibiti.

Allah ya ba mu lafiya, amin.