Waƙoƙin matuƙan teku: a daina raba su da gumin da ya haife su

A farkon shekarar 2021, wata tsohuwar waƙa mai suna Wellerman ta mamaye TikTok, bayan da Nathan Evans, wani mai raba wasiƙu ɗan ƙasar Sikotilan, ya rera ta. Kafin watan Maris ya ƙare, ta hau kan gaba a jerin waƙoƙin Birtaniya. Nan take aka shiga yayata cewa shanti, wato waƙoƙin matuƙan teku, waƙoƙin annashuwa ne na Turawa masu shaye-shaye a bakin gaɓa. Wannan fahimta ta gurɓata tarihi, kuma bai kamata malamai su bar ta ta shiga aji ba.

Shanti kayan aiki ce, kamar igiya da famfo. Ta bunƙasa a ƙarni na 19 cikin jiragen kasuwanci waɗanda iska ke turawa, lokacin da masu jirage ke rage ma'aikata don riba ta ƙaru. Mutane kaɗan ba za su iya ɗaga ƙyallen iska mai nauyi ba sai sun ja a lokaci guda. Saboda haka mutum ɗaya ke ba da waƙa, saura su yi amshi, a kan wata gaɓa ta amshin kowa ya fizgi igiya. Jan igiya da nasa kari, murɗa na'urar ɗago anka da nata, kwashe ruwa da famfo shi ma da nasa. Duk wanda ya san waƙar daka ba ya buƙatar dogon bayani. A jiragen yaƙin Ingila kuwa, inda hannuwa suka wadata, usur ne ke ba da umarni, an hana waƙa a bakin aiki.

Abu na biyu da ake rufewa shi ne hannun baƙar fata. Masana da dama sun nuna cewa salon ya sha daga waƙoƙin aiki na bayi da ƴan dako a tsibiran Karibiyan da tashoshin kudancin Amurka, irin su Mobil da Niyu Olins, inda ake danna auduga cikin jirage da waƙa. Matuƙan Ingila da Ailan suka ɗauka, suka gauraya da nasu. Stan Hugill, wanda shi kansa ya ba da waƙa a jirgi, ya jaddada wannan bashi a littafin da ya fitar a 1961.

Abin mamaki, ita Wellerman ba ta jan igiya ba ce. Labari ce ta masu farautar manyan dabbobin teku a Niyu Zilan.

Injin tururi ya kashe aikin, amma waƙar ta ƙi mutuwa. Tun 1989 garin Paimpol na Faransa ke tara jama'a don bikinta. Sirrinta a fili yake: an gina ta ne domin muryoyin gama-gari, ba ta neman gwani, kuma ba ta cika sai da taro. Shi ya sa ta kama zukatan mutanen da annobar korona ta kulle a gidajensu.

Rera ta ba laifi ba ne. Laifin shi ne a ci tuwo a manta da wanda ya yi noma. Malamin da zai kawo ta gaban ɗalibai, ya fara da sunan aikin da na ma'aikatan.