A Riƙa Cin Waken Suya Tun Yana Ɗanye

Manomanmu sun saba da noman waken suya domin sayarwa, ko domin yin awara, madara da daddawa. Jihar Binuwai ta daɗe da yin fice a wannan noma, haka kuma ana yinsa sosai a jihohin Neja, Nasarawa da Kaduna. Amma akwai hanya ɗaya ta amfani da shi da muka yi wa riƙon sakainar kashi, wato cinsa tun yana kore a cikin kwasfarsa, kamar yadda muke cin dafaffiyar gyaɗa ko gurjiya. A ƙasar Japan, inda ake kiransa edamame, abin taɓa ka lashe ne da aka saba da shi tun kaka da kakanni. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da malaman gona za su sanya wannan hanya cikin darussan da suke kai wa manoma.

Dalili na farko shi ne abin da ke cikinsa. Giram 100 na dafaffen ɗanyen waken suya na ɗauke da kusan giram 11 zuwa 12 na furotin, wato sinadarin gina jiki, da kusan giram 5 na harza mai sauƙaƙa bayan gida. Yana da sinadarin ƙarfe mai taimaka wa jini, da folet mai yawa, wanda mace mai juna biyu ke buƙata domin kyakkyawar halittar jariri a watannin farko. Sitacinsa kaɗan ne, don haka ba ya tayar da sukarin jini da sauri kamar biskit da alawa. Abinci ne dai, ba magani ba. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya ci gaba da bin umarnin likitansa.

Dalili na biyu shi ne lokacin da yake samuwa. Wanda aka shuka a watan Yuni ko farkon Yuli yakan cika kwasfa cikin watan Satumba, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi kuma bai shigo gida ba. A wannan tsakanin ne yara ƙanana suka fi ramewa. Ga kuwa abincin gina jiki tsaye a gona, ana jiran ya bushe.

Wani manomi zai ce cire shi ɗanye asara ce, tunda busasshen ake aunawa a kasuwa. Gaskiya ne, kuma ba a ce a cire gona duka ba. Kunya huɗu ko biyar da aka ware kusa da gida sun isa iyali. Gaskiya ne kuma irin da muke da shi, kamar TGx 1448-2E, ƙwayarsa ba ta kai ta irin Japan girma da zaƙi ba, amma yana ciwuwa sarai. Ganye da karan da suka rage kuma abincin awaki ne da tumaki.

Ga abubuwan da ya wajaba a kiyaye. A cire shi sa'ad da ƙwayar ta cika kwasfa, ganye kuma bai fara rawaya ba. Wannan dama ba ta cika wuce mako ɗaya zuwa kwana 10 ba. A dafa shi a ranar da aka cire, domin zaƙinsa na raguwa da sauri. A wanke, a tafasa cikin ruwa da ɗan gishiri na minti 5 zuwa 10, a ci ƙwayar, a yar da kwasfar. Kada a ci shi ba tare da dafawa ba, domin yana da wani sinadari mai hana jiki narkar da furotin, wanda zafin wuta ke kashewa. Kada a ciro daga gonar da aka yi wa feshin maganin ƙwari sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika. Wanda waken suya ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburi ya guje shi, ƙananan yara kuma a murƙushe musu kada su shaƙe.

Muna kira ga malaman gona, musamman mata masu shiga gidaje, da su dafa shi a gaban jama'a ranar gwajin gona a daminar bana, kowa ya ɗanɗana. Gani ya kori ji.