Idan Ƙararrawa Ta Kaɗa, Ina Za Mu Nufa?

Har yanzu mutanen Ƙaura Namoda ba su manta da daren 4 ga Fabrairu, 2025 ba, daren da gobara ta tashi a wata makarantar allo da ke cikin gari, almajirai suna barci, ta ci rayukan yara 17, wasu kuma aka kwashe su zuwa asibiti da ƙuna a jiki. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu da malamansu haƙurin rashi. Mu malaman boko mun yi juyayi, mun yi addu'a, muka koma azuzuwanmu. To amma mu nawa ne muka tsaya bakin ƙofar aji washegari, muka dubi faɗinta, muka dubi yawan yaran da ke zaune a ciki, muka tambayi kanmu yadda za su fita idan hayaƙi ya turnuƙe? Magabata sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Wutar dai mun gan ta. Ruwan ne har yau ba mu shafa ba.

Ba a Ƙaura kaɗai aka yi irin wannan rashi ba. A watan Nuwamba na 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a wata makarantar firamare a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. A ranar 12 ga Yuli, 2024, ginin wata makaranta ya rufta a Jos ana cikin darasi, mutum 22 suka mutu.

Ga kuma masifar da ta fi kusa da mu. A watan Mayu na 2019 'yan bindiga sun shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Moriki a ƙaramar hukumar Zurmi cikin dare, suka tafi da wasu daga cikin ma'aikatan makarantar. A 2021 aka kwashe ɗalibai mata 279 a Jangebe ranar 26 ga Fabrairu, aka ɗauki ɗalibai da ma'aikata a Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a watan Agusta, sannan ranar 1 ga Satumba aka tafi da ɗalibai 73 a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun. Malamin da aka sace tare da yaran Kuriga ta Jihar Kaduna a watan Maris na 2024 bai dawo da rai ba. A Maga ta Jihar Kebbi, ranar 17 ga Nuwamba, 2025, an kashe mataimakin shugaban makaranta kafin a tafi da ɗalibai 25. Duk wanda ya bi waɗannan labarai zai ga cewa malami da maigadi da mai dafa abinci suna cikin waɗanda abin ke rutsawa da su, ko da yake adadin ɗalibai ne ya fi fitowa a kanun labarai.

Mun sani tsare hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, ko ta Zurmi zuwa Jibiya, ya fi ƙarfin mai alli da allo. Wannan nauyi ne da ke wuyan gwamnati, kuma ba za mu gaji da tunatar da ita ba. Sai dai akwai wani ɗan lokaci da babu soja, babu ɗan sanda, babu ɗan kwana-kwana, daga mu sai yaran da aka ba mu amana: mintunan farko bayan an ga hayaƙi ko an ji harbi. Abin da muka yi a waɗannan mintuna shi ke raba wanda zai koma gida da wanda za a kai makwanci. A kansu muke son yin magana.

Mu da ke koyarwa a yankin Kurya Madaro mun taɓa ganin ƙaramin gwaji, Allah ya taƙaita shi. Wata rana da hantsi, a wata makaranta da ba za mu ambaci sunanta ba, babura suka wuce ta bayan katanga a guje, wani yaro ya ƙwalla ihu, “Ga su nan!” Kafin malamai su ankara, kowane aji ya yi wa ƙofarsa ca. Ƙofa ɗaya ce, ciki take buɗewa, tagogi kuwa duk da ƙarafa. Ƙananan yara suka faɗi, manya suka bi ta kansu. Wata malama da ta yi ƙoƙarin riƙe ƙofar ta samu targaɗe a hannu. Da ƙura ta lafa aka gane 'yan ɗaurin aure ne. Amma aka rasa sanin ko yaran sun cika, domin rajista tana cikin durowar da aka kulle, mai makullin kuma ya tafi taro. Yara biyu sai dab da magariba aka gano su cikin gonar gero, iyayensu mata sun yi kuka har sun gode Allah. Babu wanda ya kawo hari ranar nan. Rashin shiri ne ya ji mana ciwo.

Haka lamarin yake a ofisoshin da aiki ke kai mu. Wanene a cikinmu bai taɓa tsayawa layin tantancewa ba, a cikin lungu mai duhu, kafaɗa da kafaɗa, masu ciki da masu goyo da dattawan da ke dab da ritaya duk a wuri ɗaya? Mun taɓa shiga wani ofishi muka tarar janareta na ruri a bakin ƙofar shiga, jarkar fetur a gefensa, fayiloli tsibi har rufi, wayoyin lantarki a tsirara, ƙofar baya kuma an garƙame ta da kwado saboda ɓarayi. Tukunyar kashe gobara tana rataye, ƙura ta rufe ta, babu wanda ya san ranar da aka cika ta. Akawu da masinja da maigadi da ke wuni a irin wannan gini 'yan'uwanmu ne, kuma a cikin takardun nan tarihin aikin kowannenmu yake, tun daga takardar ɗauka har lissafin fansho. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye rai da gumin shekara 35.

Abin takaici, ba dokoki aka rasa ba. Bayan sace 'yan matan Chibok a 2014 aka ƙaddamar da shirin kare makarantu. Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar kare makarantu da aka ƙulla a Oslo a 2015, har ta karɓi baƙuncin babban taronta a Abuja a watan Oktoba na 2021. A wannan shekarar Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da manufar ƙasa kan tsaro da lafiyar makarantu. An kuma tsara kashe naira biliyan 144.8 daga 2023 zuwa 2026 domin wannan aiki, aka buɗe cibiyar kai ɗauki ga makarantu a ƙarƙashin hukumar Sibil Difens. A nan Zamfara, Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a watan Nuwamba na 2023. Duk wannan abin yabawa ne. Amma takardar da ba ta iso bangon aji ba, ba za ta nuna wa ɗan aji ɗaya ƙofar da zai bi ba.

Menene shirin ko-ta-kwana? Ba wani abu ba ne mai wuyar ganewa. Amsa ce ga tambayoyi biyar, wadda kowa a makaranta ko ofis ya haddace kamar sunansa. Wa zai ba da sanarwa, kuma da me? Ta wace hanya za a fita? A ina za a taru? Wa zai ƙirga mutane? Wa za a sanar, ta wace hanya? Kowane aiki a ba shi mai shi da mataimakinsa, domin masifa ba ta jiran ranar da hedimasta yake nan.

A kan sanarwa, dole alamar gobara ta bambanta da ta hari, domin abin da ake yi a ɗaya shi ne ke halakarwa a ɗayan. Idan wuta ce, kowa ya fita nan take, a jere, ba gudu, ba komawa ɗaukar jaka ko takalmi, a taru a fili nesa da ginin, ta ɓangaren da iska ke tahowa. Idan harbi ne kuma ya matso, fita filin makaranta na iya zama kai kai ga mahauta. Sai a kwanta ƙasa, nesa da taga, a yi shiru. In labari ya iso da wuri, hanya kuma lafiya, sai a sallami yara unguwa-unguwa, kowace unguwa da malaminta. Ƙararrawa ta zama ta gobara, usur ya zama na hari, ko yadda kowace makaranta ta ga ya dace, muddin kowa ya san bambancin. Mu kuma lura: tsarin gobara a manna shi a bango kowa ya gani, amma hanyar tsira daga hari da wurin fakewa a bar su a bakin malamai da amintattun mutanen gari. Mun san zamanin da muke ciki, bango ma yana da kunne.

A kan hanyar fita, kowane aji da kowane ofis ya sami mafita biyu. Ƙofa ta riƙa buɗewa waje, taga ɗaya aƙalla a yi wa ƙarfenta maratayi da sakata ta ciki. Wannan aikin mai walda ne na wuni guda. Ƙofar baya a cire mata kwado muddin akwai mutane a ciki. Rajista ta wuni a hannun malamin aji, ita ce abu guda da zai fita da shi. A ofis a ajiye littafin shiga da fita a wurin maigadi, kuma a san tun da wuri wanda zai kama hannun gurgu, ko makaho, ko mai tsohon ciki.

A kan sanar da hukuma, kada mu dogara da wayar salula kaɗai. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma ya kamata lambobin ofishin 'yan sanda, da asibiti, da mai unguwa, da dagaci su kasance a rubuce a takarda. Amma wa ya manta watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a duk faɗin jihar nan, aka rufe kasuwannin mako, mutum ya koma aika saƙo da ƙafa? Saboda haka a sami ɗan aike amintacce mai babur ko keke, a kuma yi magana da liman a kan lasifikar masallaci.

Akwai ƙananan ilimi da ke ceton rai, wanda bai kamata ya wuce malami ba. Hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, kuma sama yake yi, don haka da rarrafe ake fita. Ba a zuba wa wutar fetur ko ta lantarki ruwa. Yashi ake zubawa, bayan an kashe lantarkin. Wanda tufafinsa ya kama kada ya gudu, ya kwanta ya yi birgima. Ƙuna ruwa mai sanyi take so na kamar minti 20, ba man goge baki ba, ba ɗanyen ƙwai ba. Bokiti biyu na yashi a baranda, da janye tarin kara da shara daga jikin gini kafin iskar hunturu ta kankama, ba su buƙatar kwangila.

Sai atisaye. Shirin da ba a gwada ba daidai yake da rijiyar da ba a taɓa zura mata guga ba. Wasu 'yan'uwa na cewa gwaji zai tsorata yara. Yaranmu sun riga sun san tsoro. Abin da ba su sani ba shi ne abin yi idan ya zo. A sanar da iyaye da masu unguwanni kafin ranar, kada gwaji ya koma firgici. Wasu kuma na cewa komai ƙaddara ce. Gaskiya ne, amma a makarantar allo aka koya mana cewa ɗaure raƙumi ba ya ɓata tawakkali.

Ga Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha da sakatarorin ilimi na Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, muna da roƙo huɗu. Na ɗaya, duk ajin da za a gina ko a gyara daga yau, kada a karɓe shi daga hannun ɗan kwangila sai da mafita biyu. Na biyu, a gayyato 'yan kwana-kwana da ma'aikatan lafiya su horar da aƙalla malami biyu a kowace makaranta, da ma'aikatan ofis. Na uku, a riƙa rarraba ranakun tantancewa, a yi ta a fili ko a zaure mai faɗi, a kuma sallami na nesa da wuri don kada la'asar ta yi musu a hanya. Na huɗu, a rubuta ƙarara cewa shugaban makarantar da ya sallami yara bisa sahihin labarin haɗari ba zai sami takardar tuhuma ba. Wanda ke tsoron tuhuma jinkiri zai yi, jinkirin nan kuwa da rai ake biyansa.

Ga shugabannin ƙungiyarmu ta NUT, wadda tun 1931 take tsaye kan haƙƙin malami, muna tunatarwa cewa dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi haƙƙi ga wanda ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki. A bi mana wannan magana har a ga ƙarshenta, domin matar malami da marayunsa su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Albashi da ƙarin girma sai mai rai.

Ku kuma iyalanmu, ku tambayi maigida ko uwargida yau da dare: in wani abu ya faru a wurin aikinku, wa za mu kira, a ina za mu same ku? Ku koya wa yara cewa in an watse, gida za su nufa ko wurin da malam ya ce, ba daji ba.

'Yan'uwa malamai, ba a fafa gora ranar tafiya. Kafin wannan zango ya ƙare, kowace makaranta ta zauna da kwamitin gudanarwarta da iyayen yara, ta amsa tambayoyin nan biyar, ta gwada sau ɗaya, wakilinta ya kawo rahoto taron reshe. Gobe da safe, kafin ka rubuta kwanan wata a allo, tura ƙofar ajinka ka ga inda take buɗewa.

Allah ya tsare mu da yaran da aka ba mu amana, ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Amin.