Layin Sauka Bai San Babban Mutum Ba

Karofane ba ta da filin jirgin sama, kuma mai yiwuwa ne manomin da ke can cikin gundumar Buza ya ɗauka cewa batun saukar jirage na mutanen Yamai ne kawai. To amma asibitin Galmi, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1950, inda majinyata daga Madawa, Buza da Keita ke zuwa neman magani, ya shekara da shekaru yana karɓar likitoci ta wani ɗan filin sauka da ke gefensa. Haka kuma da farin dango suka afka wa jahar Tawa a 2004, har da ƙananan jirage aka yi aikin feshi. Ashe kuwa yadda jiragen nan ke shiga layi kafin su taɓa ƙasa magana ce ta talaka.

A filin da babu hasumiyar da ke ba da umurni, matuƙa ne ke tsara kansu. Jirgi ba ya faɗowa kan hanyar sauka daga inda ya ga dama. Sai ya shiga wani zagaye mai kusurwa huɗu, a tsayin mita 300 ko kusa da haka, ya bi gefen hanyar yana bai wa iska baya, ya karya hagu, ya sake karyawa hagu, sannan ya fuskanci iska ya sauka. Dokokin hukumar sufurin jiragen sama ta duniya sun ce juyawar hagu ake yi sai in an ba da wani umurni dabam. Kuma in jirage biyu sun nufo sauka, na sama zai ba na ƙasa hanya, amma ba a yarda wani ya fake da wannan doka ya kutsa gaban wanda ya riga ya miƙe zai sauka ba. Kowane matuƙi yana faɗa ta rediyo inda yake da abin da zai yi. Sauran aikin na ido ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne wurin shiga zagayen. Wani ya zo ta saman fili ya duba sannan ya gangaro, kamar yadda makarantun Faransa ke koyarwa. Wanda ya yi karatu a Amurka ya shigo ta gefe a karkace. Wani kuma, mai jirgi mai sauri da fasinja mai gaggawa, ya ce shi ba zai zagaya ba, kai tsaye zai miƙo. Abin da ya faru ke nan ranar 18 ga Agusta 2022 a garin Watsonville na jihar Kalifoniya. Wani ƙaramin Cessna 152 na cikin zagaye yana atisaye, sai ga Cessna 340 mai inji biyu ya miƙo da gudun da ya haura kilomita 300 a awa, gudun da ya wuce na mai shirin sauka nesa ba kusa ba. Duka biyun sun yi magana ta rediyo. Matuƙin ƙaramin ma ya hango na bayansa, ya sanar cewa zai fasa sauka. Duk da haka suka yi karo, mutum 3 suka rasu.

Da rana tsaka aka yi wannan, sama garau. Ina ga ƙasar Adar a lokacin hunturu, sa'ad da hazo ke rufe gari har mai mota ya kunna fitila da hantsi? Dokar da ta dogara da ido, ƙura kaɗai ta isa ta rusa ta. Kuma filayen cikin ƙasa, da kan wuni ba jirgi ko ɗaya, rana guda suke cika: ranar ziyarar manya, lokacin yaƙin neman zaɓe, ko shekarar fari da yunwa irin ta 2005. Matuƙan da suka saba samun fili fayau su ne a ranar za su tarar da junansu.

Hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1959 kuma Nijar na cikinta tun farko, ita ke kula da sararin samaniyar ƙasar, hukumar ANAC kuma ke sa ido kan dokoki. Abin da ake bukata daga gare su bai kai kuɗin gina hasumiya ba: hanyar shiga zagaye guda ɗaya a rubuce ga kowane fili, komai ƙanƙantarsa, tashar rediyo guda da kowa ya sani, da ma'aikaci a ƙasa da zai riƙa faɗa wa mai zuwa wanda ke gabansa a ranakun cunkoso.

Akwai kuma abin da takarda ba ta gyarawa. Ɗan kasuwar da ya taɓa kwana a layin lodin albasa a Galmi ya san yadda motar mai uwa a gindin murhu ke tsallake kowa. A ƙasa, abin kan tsaya ga cacar baki. Matuƙin da ya ɗauko minista yana jin nauyin agogon maigidansa, alhali zagayen da ake ƙyashin yi bai wuce ƴan mintoci ba. Ya kamata hukuma ta fito fili ta ce duk matuƙin da ya kutsa layi zai amsa tambaya a gabanta, ko wa ya ɗauko, wanda kuma ya zagaya ya jira, ba mai ikon tsawata masa.