A Riƙa Duba Lafiyar Ƙwaƙwalwar Mai Jego

Matsayinmu shi ne a sanya duba lafiyar ƙwaƙwalwar mai jego cikin aikin kowane asibitin sha-ka-tafi. Da an watse daga taron suna, mai haihuwar fari takan rage ita kaɗai da jariri mai kukan dare, musamman a birane inda zuwa wankan gida ya ja baya. Idan ta ƙi abinci, ta riƙa kuka ba dalili, sai dangi su ce iska ce ko sangarta, alhali ciwon damuwa ne mai magani, kuma yana taɓa shayarwa da renon yaron.

Tun 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Najeriya. Gwamnatocin jihohi su horar da ungozoma da masu allurar riga-kafi su riƙa tambayar uwa halin da take ciki ranar da ta kawo jariri, su tura wadda ta jigata wurin likita.